Mai Daro da Jar Takarda

Ƙanwar mijina ce, amma ba don haka nake rubuta labarinta ba. Mijina ya bar ƙanne mata huɗu, ukun ban ga abin rubutawa a kansu ba. Ita ce autarsu, gajera, mai faɗin kafaɗa, muryarta tana tsallake katanga biyu ko da raɗa take yi. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya take bin gidaje tana wanki, da wani ƙaton daro na ƙarfe a kanta, har sunanta na asali ya ɓace. Kowa Mai Daro yake ce mata.

Ba ta iya wanki ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada a ce yabo na zo yi. Wuyan riga bai taɓa fita a hannunta ba, ga ɓarnar sabulu. Abin da ta iya shi ne shiga gida. Ba a ɓoye wa mai wanki komai, don ba a ma lura tana wurin. Tana shiga har ɗakin kwana ta yaye zanen gado, ta ga abin da ke ƙarƙashin matashi, ta fita ba wanda ya ɗaga kai.

Inda ta fi samun aiki wani gidan haya ne a bayan tashar mota: ɗaki ashirin da biyu, famfo ɗaya, banɗaki biyu. Mata masu zaman kansu ne a ciki. Wasu aure ne ya mutu, wasu gida suka baro, wasu ba wanda ya san daga inda suka fito. Matan unguwa ba sa gaishe su da rana, mazan unguwa kuwa sun san lambar kowane ɗaki. Mai Daro ta san wadda ke tari, ta san wadda zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

A lokacin wata ƙungiya ta buɗe ofis a saman wani kantin magani, don wayar wa irin waɗannan mata kai game da cutar ƙanjamau da tura su asibiti. Ni na yi sakandare, na yi shekara ashirin da shida ina buga tafireta kafin in yi ritaya, sai suka ɗauke ni in riƙa cika musu fom da buga wasiƙu. Shugabar ofishin tana neman wadda za ta iya shiga gidan bayan tasha. Matan da suka zo neman aikin duk sun ce su masu mutunci ne. Na ce ina da wata da ba ta damu da wannan ba.

Aka yi musu horo na kwana biyar a ɗakin taro na wani otal. Mai Daro ta yi barcin uku daga ciki, ta ce sanyin na'ura ne. A ƙarshe aka rataya mata kati mai hotonta a wuya, aka ba ta lamba goma sha huɗu, da damin takardu jajaye.

Ga yadda aka tsara aikin. Idan ma'aikaciya ta shawo kan mace ta yarda a gwada ta, sai ta ba ta jar takarda. Takardar gida biyu ce. Sama sunan matar, ƙasa lambar ma'aikaciyar. A asibiti nas za ta yaga ta biyu, ta ajiye mai sunan, ta jefa mai lambar a wani akwati mai kwaɗo. An yi haka ne don a rufa wa matan asiri. Ranar da za a duba aiki sai a buɗe akwati a ga wace lamba ce ta fi yawa. An zaɓi ja don nas ta hango takardar daga nesa.

Nas tana hango ta. Kowa ma yana hango ta. Ɗakin gwajin shi ne na tara, a ƙarshen baranda, da bencinsa shi kaɗai, yana kallon dogon bencin masu awon ciki da masu kawo yara rigakafi. Wato duk matan unguwa ne zaune a jere, ba su da aikin yi na awa uku sai kallo.

Ta farko da Mai Daro ta tura wata mai sayar da shayi ce a bakin tasha. Ta je da jar takardarta a hannu, ta zauna a bencin ɗaki na tara. Cikin mako guda ba direban da yake shan shayi a kofinta. Ta haɗa kayanta ta bar garin, ko sakamakon gwajin ba ta koma ta karɓa ba. Daga ranar Mai Daro ta zuba sauran takardun a wani gwangwanin biskit, ta tura ƙarƙashin gado.

Sai ta gano amfanin katin wuyanta. Asibitin yana da ƙofar ma'aikata ta baya, wajen igiyoyin shanya, kuma duk mai kati mai gadi yana buɗe masa. Sai ta riƙa ɗaukar daronta da tsummokara a ciki, ta ɗora wa matar da za a gwada ƙullin kaya a ka, kamar 'yar taya aiki. Su bi ta tsakanin zannuwan gadon da aka shanya, su ɓullo bayan ɗaki na tara. Nas ɗin ɗakin, wata doguwa mara fara'a, ta buɗe musu ƙofar bayan da doka ta ce a bar ta a kulle. A littafinta tana rubuta kowacce a matsayin wadda ta zo da kanta. Haka aka yi shekara biyu. Mata goma sha bakwai daga gidan nan suka hau kan magani, kowacce tana zuwa sau ɗaya a wata a auna ta a ba ta na wata mai zuwa, da ƙullin tsumma a ka.

Sai masu ba ƙungiyar tallafi suka aiko a tantance aikin. Wata yarinya ce mai tabarau, mai ladabi, da kwamfuta a jaka, da farar riga mai hoton jan kirtani a ƙirji. Kwana uku aka ba ta. Ba muguwa ba ce, aikin da aka sa ta ta yi. Ta buɗe akwatin ta baje takardun a kan teburina.

Lamba uku ce ta zo ta ɗaya, wata da ofis ke kira Tauraruwa. Takardarta ɗari biyu da goma sha biyu. Ni na san inda suka fito. Gwaggonta kaɗai, tsohuwar da ta girme ni, an gwada ta sau goma sha ɗaya, har ta fara cewa nas ɗin tana da hannu mai sanyi. Lamba goma sha huɗu takarda ɗaya gare ta, ta mai shayi.

Rana ta uku aka kira Mai Daro. Ta hau benen tana haki, ta ajiye daro a bakin ƙofa, ta zauna a gefen kujera. Ni ce mai rubuta amsoshi.

Mai tabarau ta ce, "Mama, a shekara biyun nan mata nawa kika tura asibiti?"

"Ɗaya na tura, ba ta dawo ba. Sauran kai su na yi."

"To su nawa ne?"

"Ni kayan wanki nake ƙirgawa, 'yata, shi ma don kada a ce na saci zane."

"Za ki iya ba ni sunayensu? Ko uku ma sun isa, in je in ji daga bakinsu."

Mai Daro ta dubi rigar yarinyar sama da ƙasa.

"Da wannan rigar za ki je ki ƙwanƙwasa musu ƙofa?"

"Zan iya sa mayafi."

"Takalminki ma ya isa. Ba mai shiga gidan nan da irinsa sai in an yi mutuwa ko an zo kama wani."

Yarinyar ta yi murmushi, ta juya kwamfutar kamar Mai Daro ta iya karatu. "Mama, ki taimake ni in taimake ki. Fom ɗin nan ba shi da gurbin wadda aka raka. Gurbin takarda kawai gare shi."

"To ki rubuta abin da ya shiga gurbin."

Na rubuta: ɗaya. Na san komai, kuma ban ce uffan ba. Da na yi magana, da a ranar za a tuhumi nas kan ƙofar baya, a sa mata sabon kwaɗo. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane. Ɗayan dalilin shi ne ina son aikina, zaman gida ya ishe ni.

Rahoton ya fito shafi arba'in da takwas. Ya yaba da yadda matan bayan tasha suke zuwa asibiti da kansu ba tare da takarda ba, ya ce wannan shaida ce cewa wayar da kai ta kama ƙasa. Ya ba da shawara a sallami ma'aikatan da ba su taɓuka komai ba, a kuma ƙara girman takardar don kada mata su riƙa yar da ita. Ni na buga wasiƙar sallamar Mai Daro, ba kuskure ko ɗaya. Ni na karɓi katin daga wuyanta.

Washegari ta je ƙofar baya da daronta. Mai gadi ya ce, "Ba kati, ba shiga. Ki yi haƙuri, ni ma duba ni ake yi." Shekara biyu yana buɗe mata, amma katin yake buɗe wa.

Cikin matan goma sha bakwai akwai wata da ake kira 'Yar Baƙa, mai kitso ce, tana da 'ya a makarantar firamare. Ƙwayar magani uku ta rage mata. Ta ce gara ta kwanta ta mutu a ɗakinta da ta zauna a bencin ɗaki na tara, domin ranar da aka gan ta a can ba macen da za ta sake sa kai tsakanin gwiwoyinta. Ba ƙarya ta yi ba. Sauran goma sha shidan ma kowacce ranarta tana tafe.

Da safe ina shara sai ga Mai Daro da gwangwanin biskit a hammata. Ta ciro jar takarda ɗaya.

"Matar Yaya, ɗauko biro."

"In rubuta me?"

"Sunana. Nan sama, inda ake sa na mara lafiya."

Na ajiye tsintsiya. "Kin san abin da za a ce?"

"Me ake cewa yanzu? Mai wankin karuwai. Ƙari ne kaɗan."

"Kina da suruki, kina da jikoki."

"Ke dai rubuta da manyan baƙaƙe. Yadda ta ƙarshen benci za ta iya karantawa."

Na rubuta. Ranar na je asibitin karɓar maganin gwiwa, kuma na je kallo, ba zan ɓoye ba. Mai Daro ta shigo ta ƙofar gaba tana ɗingishi, ta rataye a kafaɗar 'Yar Baƙa, tana fifita da jar takardar kamar zafi ya dame ta. Kafin ta kai ƙarshen baranda ta manta ƙafar da take ɗingisawa, ta koma ɗayar. Ba wanda ya lura, duk takardar suke kallo. Ta zauna a bencin ta yi wani nishi da ko mai naƙuda sai ta ji kunya.

Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Ba ƙanwar maigidanki ba ce?"

Na ce ita ce.

"Allah sarki. Dama wankin gidan nan ba zai bar ta haka ba. Amma dubi yarinyar da ta rako ta, ashe a cikinsu ma akwai masu imani."

Da aka kira su suka shiga tare, don ba a hana mara lafiya shiga da mai rakiya. Daga baya 'Yar Baƙa ta ba ni labarin cewa nas ta karanta sunan, ta dube su su biyu, ta ce, "Wace ce mara lafiyar?" Mai Daro ta ce, "Ki auna wadda ta rame." Nas ta auna 'Yar Baƙa, ta ba ta maganinta, ta yaga takardar biyu ta jefa mai lambar a akwati, don doka ta ce duk takardar da ta shigo a jefa ta.

Mata goma sha bakwai a wata, wato sau huɗu a mako ake ganin Mai Daro a bencin nan, kullum da sabuwar mai rakiya. Unguwa ta yanke hukuncin cewa kwananta ya kusa. Ita kuwa sai ƙiba take yi, saboda zaman benci ya fi wanki hutu. Aka ce kumburin magani ne. Matan gidan bayan tasha suka yi suna wajen jinƙai, har wani mai wa'azi ya kawo su misali.

Gidaje bakwai suka daina ba ta wanki. Matar wani ɗan kasuwa ta aiko a kwaso mata kayanta daga kan igiya da jiƙonsu, ta sa aka sake wanke su da ruwan zafi. Ni ban daina ba ta nawa ba, kuma wuyan rigunan bai fara fita ba. Surukinta ya hana jikokinta biyu zuwa ɗakinta.

Nas ta taɓa matsa mata ta gwada ta, tun da kullum tana wurin. Ba ta da cutar. Takardar sakamakon tana cikin gwangwanin, kuma 'yarta ta sani. Wata rana 'yar ta same ta a ɗakina, ta durƙusa tana kuka.

"Inna, ki nuna takardar nan. Ko baban yara kaɗai ki nuna wa."

"Baban yaranki bakinsa kamar famfon gidan haya ne, ko an murɗa sai ya ɗiga."

"To ki bar ni in faɗa da bakina."

"In aka san lafiyata ƙalau, wa ake rakowa? Mutane ba wawaye ba ne. Juyawa za su yi su kalli ta gefena."

"Su kika zaɓa a kan 'ya'yana?"

"'Ya'yanki suna da uwa da uba da rigakafi. Za su girma su zo da ƙafarsu."

'Yar ta juyo wajena. "Gwaggo, ki sa baki mana."

Na ce shekara talatin ina sa baki a kan wuyan riga ban ci nasara ba.

Babban jikan ya zo da ƙafarsa, sau biyu. Ƙaramar ba ta taɓa zuwa ba.

Da takardun gwangwanin suka ƙare, na ci gaba da ɗauko mata daga kabad ɗin ofis, sababbin nan masu girma, ina buga musu lamba goma sha huɗu. Sun fi daɗin fifita. Ba wanda ya hana ni, don ba wanda ya tambaya.

Bayan shekara biyu aka sake aiko mai tantancewa, wannan karon wani mutum mai furfura. Ya buɗe akwati. Lamba goma sha huɗu ta ninka Tauraruwa, wadda gwaggonta ta rasu a tsakani. Sunaye ba sa cikin akwatin, saboda haka bai san duk suna ɗaya ba ne. Ya ce yana son ya gaisa da wannan jaruma.

Shugaba ta leƙo ta ce, "Wace ce sha huɗu?"

Na ciro fayil na buɗe mata wasiƙar sallamar, da sa hannunta a ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Mace ce mai kai, ba a banza aka ba ta ofis ba. Ta koma ta gaya wa mai furfura cewa ma'aikatansu ko sun bar aiki suna ci gaba da yi don kishin al'umma. Ya ji daɗi ƙwarai. A rahotonsa ya ba abin shafi biyu, ya kira shi ɗorewar shiri, ya ce ƙara girman takarda ya yi amfani.

Aka aike ni in kai wa Mai Daro takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, da katinta. Na same ta tana hura gawayin dutsen guga.

Na ce, "Sun ce ki dawo. Ga ƙofar bayanki."

Ta juya katin, ta dubi hoton. "In rataya wannan, gobe a ce ashe aiki take yi, ba ciwo ba? Mayar musu."

"Takardar yabon fa?"

Ta gwada kaurinta da yatsa. "Wannan ki bar ta." Ta fifita gawayin da ita, ya kama.

Ta ƙara shekara shida a bencin nan. Ta ce ba ta taɓa samun wurin zama mai faɗi irinsa ba, don ba mai matsowa kusa da ita. Matan suka kai talatin da wani abu, don sababbi suna zuwa gidan, tsofaffi suna gaya musu wadda za su raka. Huɗu sun mutu duk da haka. Ita Mai Daro hawan jini ne ya kashe ta, wata safiya a bakin famfon gidan bayan tasha, hannunta cikin kumfa. Unguwa ta ce ai ta ma yi ƙoƙari, masu irin ciwon ba sa kai haka.

Bayan kwana biyu 'yarta ta zo mini da gwangwanin biskit. Ta ciro takardar sakamakon, ta yi laushi don ninki.

"Gwaggo, yanzu dai ai sai in nuna."

Na ce, "Kowa ya ga waɗanda suka riƙa rako ta. 'Yar Baƙa tana nan tana kitso, 'yarta tana aji biyar na sakandare."

Ta tsaya riƙe da takardar har na gama shanya. Sannan ta mayar da ita, ta danne murfin, ta ɗora gwangwanin a saman kabad ɗina ta tafi. Ba ta yi mini sallama ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu an rushe gidan bayan tasha an yi shaguna, matan sun watse, 'Yar Baƙa ta bi 'yarta wani gari, nas ta yi ritaya. Ba sauran wanda maganar za ta cutar, shi ya sa na rubuta ta. Ƙungiyar tana nan. Bara na ji sun yi wani bincike na wata takwas, sun gano cewa launin ja yana tsorata mata, sun mayar da takardar shuɗiya. Na je karɓar maganin gwiwa na gani da idona. Daga dogon bencin ana hango ta sarai.